Jarkar Ruwan Yaya Ƙarami

Na fara zuwa Dubai a shekarar da aka buɗe jirgin ƙasa na cikin gari, lokacin ina hutun jami'a. Baba ya daɗe a can yana aikin kago. 'Yan kasuwar Kano su sayi kayansu su kawo sitonsa da ke Al Kuz, shi kuma ya haɗa, ya cika kwantena, ya tura gida. Yayyena biyu duk a ƙarƙashinsa suke. Yaya Babba yana kai da kawo tsakanin Kano da Dubai, yana da mata da yara a gida, kuma in yana magana a waya har maƙwabta sai sun san farashin kaya. Yaya Ƙarami shi ne zaunanne, shi ke riƙe da sito. Ya taɓa aure, ba a daɗe ba suka rabu lafiya, ba wanda ya ji kansu. Ni ce auta. Baba yana kirana Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

A wancan zuwan na san direban motar kayanmu. Mutumin Gana ne, haifaffen Zangon Kumasi, don haka kowa Ɗan Kumasi yake ce masa. Shi da Yaya Ƙarami ɗaki ɗaya suka kama a unguwar nan ta gefen babbar kasuwar 'yan Sin, tare suke fitowa da safe, tare suke komawa. Da rana sukan shimfiɗa kwali a bakin sito su ci abinci a kwano ɗaya, shinkafa da wake irin ta mutanen Gana, da baƙin yajin nan nasu mai kifi.

"Auta, zo ka ci," in ji Ɗan Kumasi ranar da na fara ganinsu.

"Ke ake ce wa mace, baƙauye," in ji Yaya.

"A Zango duk ɗaya ne. Kai da ka iya Hausa, ka iya dafa wannan?"

Yaya ya yi dariya har ya ƙware, Ɗan Kumasi yana bubbuga masa baya yana cewa, "Shwayya, shwayya, a hankali, kar ka mutu ka bar ni da Alhaji." Tun ina yarinya ban taɓa ganin haƙoran Yaya na ciki ba sai a ranar. Na lura yana tsince ƙwan da ke gefensa yana turawa gefen abokinsa, shi kuma yana turo masa da shi, har ƙwan ya dagargaje a tsakiyar kwano suka cinye shi a haka.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a aka bugo waya aka ce Ɗan Kumasi ya rasu. Ya faɗi a bakin mota cikin zafin bazara, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Danginsa suka ce a binne shi a can. Aka kai shi maƙabartar Al Kuz, ba nisa da sitonmu. Baba ya gaya mini daga baya cewa Yaya Ƙarami ne ya shiga kabarin ya karɓe shi, kuma sai da aka miƙa masa hannu aka jawo shi kafin ya fito.

Da na gama hidimar ƙasa na koma Dubai, wannan karon jinya ce ta kai ni. Ciwon hanta ya kama Baba, Umma kuma ta riga mu gidan gaskiya tun ina sakandare, sai ya zama ni ce mai dafa masa abin da likita ya yarda, a gidan hayarmu na Abu Hail. Yaya Ƙarami ya saki ɗakinsu ya dawo wurinmu. Ya rame. Yana gaisuwa, yana zuwa aiki, yana kai Baba asibiti, amma in aka zuba masa abinci sai ya ci gefe ɗaya na farantin ya bar ɗaya gefen a mulmule.

Adabin Turanci na karanta, kuma a cikin littattafan da muka yi akwai wani tsohon wasan kwaikwayo na Amurka da nake so ƙwarai. Labarin wani gida ne: uba mai dukiya yana ciwon ajali, 'ya'ya suna hararar juna a kan gado, ɗaya daga cikinsu kuma yana ɗauke da wani baƙin ciki da ya kasa furtawa. Wata rana na ga sanarwa cewa wasu masu sha'awa za su yi wasan a wani tsohon sito da aka mayar zauren kallo, layi kaɗan daga namu. Ranar Juma'a ce bayan sallah. Na roƙi Yaya ya raka ni, don ina so ya ga wani abu ban da kwali da asibiti.

"Yalla, mu je, Auta," ya ce. "Amma in barci ya ɗauke ni kar ki tashe ni."

A hanya ina jin wani abu yana kwacal-kwacal a bayan mota duk sanda muka sha kwana. Ban tambaya ba.

Zauren yana da sanyi, an shafe bangonsa da baƙin fenti, amma in ka ɗaga kai rufin kwano ne irin na sitonmu. Da farko Yaya yana ta murmushi, yana raɗa mini cewa babban ɗan nan na cikin wasa da Yaya Babba kamar an tsaga kara. Sai aka zo inda uban ya tsare ƙaramin ɗansa, yana ɗaga murya, yana tambayarsa abin da ke tsakaninsa da abokinsa da ya mutu. Na ji kujerar gefena ta yi ƙara. Kafin in waiga Yaya ya fita.

Na same shi a waje, a tsaye cikin rana, ya dafa motar duk da zafin ƙarfen. Da ya gan ni sai ya gyara hula.

"Auta, su mutanen nan komai sai sun faɗa?"

"Wasa ne kawai, Yaya."

"Na sani. Shiga, zan biya wani wuri."

Maƙabarta muka je. Mata ba sa shiga, sai ya ajiye motar a inuwar katanga ya bar mini sanyi a kunne. Ya buɗe baya ya fito da farar jarka cike da ruwa. Ta ƙofar maƙabartar ina hango shi yana tafiya a karkace, nauyin ya janye masa kafaɗa ɗaya, tsakanin ƙananan duwatsun da ba suna a jikinsu. Ya tsaya a wani wuri, ya tsuguna, ya zuba ruwan a hankali daga kai zuwa ƙafa, yana shafa ƙasar da tafinsa kamar mai gyara wa yaro shimfiɗa. Ya daɗe. Da ya dawo ya ce mini a wurin 'yan Pakistan ya ga ana yi, wai don kar iska ta kwashe ƙasar. Na ce masa abu ne mai kyau. Muka kama hanyar gida. Na yi jarrabawa a kan wasan nan har na ci, amma sai a motar nan na ji nauyinsa a ƙirjina.

Ba a jima ba Yaya Babba ya zo daga Kano da shawararsa a shirye. Muna cin abincin rana ya fara. Ya ce kasuwa ta koma Sin, kowa can yake loda kai tsaye, sito a Dubai ya zama asara. A rufe shi. A mayar da Baba gida cikin danginsa, in ta Allah ta kasance a sa shi kusa da Umma. Duk wanda ke wurin ya san abin da hakan ke nufi ga Yaya Ƙarami: bizarsa ta zama a kan kamfanin Baba take, ranar da aka rufe sito dole ya bar ƙasar.

"Kai kuma ka dawo gida ka yi aure kamar kowa," in ji Yaya Babba. "Mutane suna magana. An ce duk Juma'a kana can kana yi wa kabarin direba ban ruwa kamar lambu. Ɗan uwanka ne? Abin nan ma a ina ka gan shi a addini?"

Yaya Ƙarami bai ɗago ba. Ya kalli farantinsa, ya ce, "Duk abin da Baba ya ce."

Baba ya nemi in haɗa masa shayi marar sukari, ya shiga ɗaki.

Washegari da hantsi ina shafa masa man zaitun a ƙafa, sai ya ce, "Uwata, wasan nan da kuka je gani, me aka yi a ciki har yayanki ya dawo kamar an yi masa duka?"

Ban san ya lura ba. Na ba shi labarin a taƙaice, ina zaɓen kalmomi, ina tsallake wasu. Ya saurara idonsa a rufe. Da na zo inda uban ya tsare ɗansa, sai ya buɗe ido.

"Tambayarsa ya yi? Baki da baki?"

"E, Baba."

"To da ya tambaya, me ya samu?"

Na ce ban ga ya sami komai ba, sai ihu.

"Ai kuwa," ya ce, ya mayar da idonsa ya rufe. Na ɗauka barci ya yi. Can sai ya ce, "Yaron nan na Kumasi, ko sau ɗaya bai taɓa bari na ɗauki jakata da kaina ba."

Ranar Juma'a Baba ya ce a fito masa da babbar riga, zai bi Yaya Ƙarami. Yaya ya daburce, ya ce akwai rana, likita ya hana. Baba ya ce likita ba ya nan. Na bi su, na zauna a mota a inuwar katangar nan. Na ga sun shiga, Baba ya rataya a hannun Yaya na hagu, jarka a na dama, suna tafiya kamar masu taka ƙwai. Baba ya tsaya a kan kabarin ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Sannan na ga ya karɓi murfin jarkar, ya sa Yaya ya tsiyaya masa ruwa a ciki, ya zuba da hannunsa. Bayan haka ya tsaya yana dube-dube, gabas da yamma, irin kallon da yake wa sito in yana neman inda kaya za su shiga.

Da la'asar ya tara mu a falo.

"Ku ji ni da kyau, don ba zan maimaita ba. In na mutu a nan, a nan za a binne ni. A Al Kuz."

Yaya Babba ya miƙe tsaye. "Baba, haba! Ga Umma can, ga jikokinka, wa zai riƙa ziyartarka a nan?"

"Zauna. Rayuwata duk na yi ta ina cusa kaya a akwati ina turawa. Ba za a sa ni a akwati a liƙa mini takarda a jera ni da kwalaye ba. Ƙasar Allah ce nan ma." Ya huta, ya sha ruwa. "Ka tafi Sin ka buɗe naka, na sa maka albarka, ka fi mu ganin nesa. Amma sito ba za a rufe ba, ko da rabinsa ne a bari. Ƙaninka zai zauna ya riƙe shi. Ina so in sami mai leƙa ni ranar Juma'a."

"Baba, zuba ruwan nan fa..."

"Ruwa ne. In bai amfane ni ba tsuntsaye sa sha. Khalas, magana ta ƙare."

Yaya Babba ya koma ya zauna, ya rufe fuska da hannu, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Ban taɓa ganin kukansa ba. Shi ma ba mugunta ce ta kawo shi ba, so yake ya kama hannun 'ya'yansa ya kai su kan kabarin kakansu, kuma a ranar aka hana shi wannan har abada. Baba ya san abin da ya karɓe masa. Ya miƙa hannu ya dafa kansa, ya daɗe bai ɗauke ba. Yaya Ƙarami kuwa ko kallon Baba bai yi ba, Baba ma bai kalle shi ba. Ya tashi ya ɗauko bargo ya rufa wa Baba ƙafa, ya tsaya yana gyara gefen bargon da ya riga ya gyaru.

Baba ya rasu da sanyin shekarar, da safe, ina riƙe da kofin kununsa. Aka kai shi Al Kuz. Aka raba gado yadda addini ya tsara, ba a yi rigima ba. Yaya Babba ya tafi Sin, aka yanke sito biyu aka ba wani hayar rabi. Daga ranar maganar mutane ta sauya. A Kano in an tambayi Yaya Ƙarami, sai a ce yana can yana kula da kabarin mahaifinsa, Allah ya yi masa albarka.

Juma'ar ƙarshe kafin in dawo gida na bi shi. Ya ajiye mota a inuwar katanga, ya buɗe baya. Jarka biyu ce yanzu. Na sauke gilashi na ce ya gaishe mini da Baba.

"Shi kaɗai?" ya ce.

"Da Ɗan Kumasi. Ka ce masa har yau ban iya yajin nan ba."

Ya yi murmushi, ba mai yawa ba, amma na hango haƙora. Ya ɗauki jarka ɗaya a kowane hannu ya shiga, kafaɗunsa a daidai, ruwan yana kwacal-kwacal, har ya yi nisa na daina ji.