Yaron Katun Mai Alwala da Hagu

Kuskurena bai fi ƙwayar gero ba: na ɗauki hagu na kira ta dama. Amma yadda Yayana ya baza labarin, sai ka rantse ni na cinna wa kasuwar Daura wuta.

Yaya yana da ɗan shago a hanyar Kusugu, inda yake buga katin biki da gyaran hoto. Wani malamin Islamiyya daga Zango ya ba shi aikin katun, wato zane mai motsi, da zai koya wa yara alwala. Malam ba ya son zanen abu mai rai, kuma a lokacin an sa ido ƙwarai kan abin da ake nuna wa yara. Da ƙyar ya yarda, bisa sharaɗin in aka saɓa sunna ko ɗaya, aikin ya tashi.

Yaya ya zana yaro mai kai kamar kabewa, tsugune gaban buta. Motsa shi ne tashin hankali. Kafin yaron ya ɗaga hannu, sai Yaya ya kama kafaɗa da linzamin kwamfuta, ya kama gwiwar hannu, ya bi yatsu ɗaya bayan ɗaya. Na lissafa, kafin a kai wankin ƙafa Yaya ya yi jikoki.

Ni na gano ana iya rubuta wa manhajar zanen umarni ta yi motsin da kanta. Hutuna na makaranta gaba ɗaya a nan ya ƙare. Abokaina suna ƙwallo, ni ina gina wata 'yar taga mai madannai a allon kwamfuta: wanke hannun dama, wanke na hagu, kurkure baki, shaƙa ruwa, har zuwa ƙafa. Da farko madannan suka hau kan juna kamar buhunan gyaɗa. Da na jera su, sai tagar ta fara haihuwa: duk dannawa sabuwa ta fito, har allon ya cika. Sai da na koya mata ta rufe tsohuwar kafin ta buɗe wata.

Abin da na manta shi ne yaron yana fuskantata. Hannun da ke damata, hagunsa ne.

To, Yaya ya yi makonni yana danna madannan nan. Babba da shi, mai gemu, kullum yana alwala, bai gani ba! Abin da ya gani shi ne abokansa. Duk wanda ya leƙo sai ya ce, "Zo ka ga abin da na ƙirƙiro." Ina zaune a gefe ina cika kamar alkubus.

Ranar da Malam ya zo a kan babur ɗinsa, aka ba shi kujera, aka kunna. Yaron kabewa ya miƙa hagu, ya kamfaci ruwa, ya zuba a baki.

"Subhanallahi! Da hannun tsarki?" Malam ya miƙe. "Wannan zan nuna wa 'ya'yan mutane?"

"Allah gafarta Malam," in ji Yaya, ko kunya babu, "wallahi aikin yaron nan ne. Shi ya yi tagar."

Ranar ce ta farko da ya amsa cewa tawa ce. Na ji kamar in haɗiye linzamin.

"Yaya, ashe yau ni na ƙirƙiro?"

"Rufe mini baki, shashasha!"

Sai ya kawo tasa dabarar: ya juya hoton duka kamar a madubi. Hannu ya gyaru, amma rubutun Larabcin da ke bangon bayan yaron ya birkice, ana karanta shi daga hagu. Malam ya fara laluben takalmansa.

Na so in bar Yaya ya nutse, Allah ya sani. Amma in aikin ya tashi, hutuna ya tafi a banza. Na ce, "Malam, a yi mini haƙuri zuwa la'asar."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ɗan samari, ka dai san damarka yanzu?"

Na ɗaga ta. Ya tafi masallaci.

Na musanya umarnin madannan, muka goge motsin, muka sake daga farko. Yaya yana danna tagata yana zagina, ni ina tsaye bayan kwamfuta, na fuskance shi kamar yaron, ina ɗaga hannu don a tabbatar. Da Malam ya dawo ya kalla, ya sa aka maimaita, sannan ya ce, "Madalla." Wa ya dafa? Yaya!

A gida na kai ƙara wajen Inna. Ta ce na gaba na gaba ne, in je in ba shi haƙuri don na mayar masa da magana gaban baƙo. Na ba shi haƙurin ina kallon rufin ɗaki.

An nuna katun ɗin a Zango, Yaya aka gode wa. Ni ya hana ni taɓa kwamfutar har bayan Babbar Sallah. Amma kafin in tashi a ranar gyaran nan, na rubuta a saman tagar: "Aikin ƙanen mai shago." Har yanzu da ita yake aiki, kuma bai iya goge rubutun ba.