Da Na Bar Anti Rifkatu A Tsaye

Shekara tara ke nan da rasuwar Anti Rifkatu, amma har yau abin da na fara gani nata shi ke dawo mini: tafin ƙafafunta biyu jingine da bangon ofishin malamai. Ranar da na kama aiki ne a wata firamare a Kurmin Mashi. Tana kwance a benci, ƙurar alli a ɗankwalinta, hannu a mara.

"Shigo, ƙanwata," ta ce. "Ba aljanu ba ne, ciwo ne."

Ciwon yana da lokacinsa. Da safe lafiya lau take. In ta daɗe tsaye gaban allo, kafin azahar mararta ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutsen niƙa, in ta kwanta ya lafa. Tun haihuwarta ta huɗu yake tare da ita. Hedimasta ya ce lalaci ne. Ni kuwa, da na tashi cikin littattafan soyayya na kasuwa, na riga na yanke nawa hukuncin: an yi wa mijinta canjin aiki zuwa Legas, kewa ce ta sauko mata mara.

Da na faɗa mata, ta yi dariya har da hawaye. "Hadiza, ko Baban Saratu na gida, ciwon nan ba ya jin kunyarsa."

Sau huɗu na raka ta hoton ciki, kuma ni ke tsara komai. In karɓi ajinta tun jajibere don ta wuni a gado. In taso daga Unguwar Rimi da sassafe, in kwantar da ita a kujerar baya, mu sami lambar farko a layin asibiti. A raina, haka ake jinyar wanda ake so. Sau huɗu takarda ta ce ba komai. Daga nan ta daina maganar ciwon. A coci ta bar sahun mawaƙa masu tsayuwa, ta koma buga tulu a zaune. Hatsarin mota ya ɗauke ta wajen Katabu, har lokacin ana yi mata kallon mai raki.

Bara 'yarta Saratu ta kira ni, haihuwarta uku, ita ma da irin wannan nauyin. Na fara tsarina na dā, sai ta ce mai ɗaukar hoton ta hana: ta zo da yamma, bayan ta wuni a bakin aiki. Na bi ta. Matar ta duba ta a kwance, sannan ta ce, "Tashi tsaye. Yi yunƙuri kamar mai naƙuda." A allon na'urar na ga jijiyoyi sun kumbura, a murɗe, launi yana juyawa daga shuɗi zuwa ja. Ta ce jijiyoyin da ke mayar da jini sama ne suka saki, jinin yana komowa ya taru a mara. Doguwar kwanciya kan sauke su, har hoto ya wuce bai gani ba.

Na tuna yadda nake sa Anti Rifkatu ta wuni a gado kafin kowane hoto.

Na tambayi likita ko abin da ya dami uwar ke nan. Ya ce ba zai yi magana kan wadda bai duba ba. Gaskiyarsa. Amma tun ranar ban zauna lafiya ba. Me za ta ce da ta ga wannan allon? Wataƙila ta zolaye ni: "To, ga Baban Saratu nan, ja da shuɗi." Wataƙila kuma ta nemi a kai wa hedimasta takardar, ya karanta a tsaye.

An yi wa Saratu aiki, an toshe jijiyoyin. Ranar bikin tunawa da mahaifiyarta ta gayyace ni cocinsu, na zauna a baya. An miƙa mata tulun uwar, ta ce a ba wata. Waƙa biyar suka yi, duka a tsaye ta rera su.