Miyar Ƙarin Shekara

Ran ɗaya ga Zulhajji ne, a shekarun da aikin hajji ke faɗowa cikin sanyi, na farka na ji daka a tsakar gidanmu na unguwar Misfala a Makka, amma ba irin sautin dakan Inna ba. Da na leƙa sai na ga tsohuwar nan 'yar Koriya, wadda ta sauka a ɗakin sama da mijinta, riƙe da taɓaryarmu tana kirɓa dafaffen garin shinkafa, Inna na tsugune tana juya mata shi da jiƙaƙƙen hannu. Inna ce ke yi wa alhazan gidan girki da wanki, ni kuma aikina shanya da kai shayi.

A lokacin abu guda ke cin raina. Ranar Arfa, idan alhazai suka watse Makka ta yi tsit, matan gari ke ɗaukar gahawa da ma'amul, cincin ɗin nan mai dabino a ciki, su cika Harami su sha ruwa a can. Inna ta ce sai mai shekara bakwai za ta ɗauka. Ni kuwa shida gare ni, za a bar ni wurin maƙwabciya da jarirai.

Tsohuwar ta murza ƙullun ya yi tsawo kamar igiya, da ya sha iska ta yayyanka shi fale-fale, ta zuba a romon nama fari tas. Mijinta, wanda ya musulunta yana aikin hanya a Jidda, shi ya yi mana bayani da Larabcinsa mai gargada. Ya ce yau sabuwar shekara ce a ƙasarsu. Farin na nufin a shiga shekara da tsabta, tsawon kuma tsawon rai. Mutanen arewacinsu, in ji shi, ƙullu mai nama a ciki suke sakawa, amma su na kudu wannan suka gada. "A wurinmu yaro ba ya ƙara shekara sai ya ci kwano guda," ya ce.

Na cinye nawa har na suɗe, ina sauraron jikina ko zan ji shekarar na shiga. Sannan na tsaya gaban Inna na ce na zama bakwai.

"Ke, ya binti, 'yata, al'adar mutane ce fa!" in ji ta. Ta dubi baƙin, tsohuwar na ta gyaɗa kai, ita kuwa Inna ba ta iya ƙaryata baƙo a gabansa. Sai ta ce, "Halas, shi ke nan. Amma kika saki mayafina, kin koma shida."

Ban saki ba. Ranar Arfa muka shiga Harami da la'asar, ba turereniya, sai mata da tattabaru da sanyin dutse a tafin ƙafa. Aka matsa mini hanya har na isa jikin Ka'aba, na ɗora tafina. Na ɗaga kai ban ga ƙarshenta ba, sai hawaye, ban ma san na me ba.

Yanzu gidan nan an rushe shi, otal ya hau wurin, mu muna unguwar Ka'akiyya. Ƙafafun Inna sun gaza, a keke nake tura ta. Duk shekara in watan ya kama, takan kira ni a hankali ta ce, "Bana ma za ki tafi da ni ko?"

Ban taɓa sa mata sharaɗi ba.