Amsar Kawu Jibirilu

Kawuna Jibirilu shekara goma sha tara ya yi yana auna masara a rumbun gwamnati na Salaga. Ko ba sikeli, in ya ɗaga buhu sai ya faɗa maka nauyinsa, ba ya kuskure. Fensir kuwa ba ya barin bayan kunnensa, har muna tsokanarsa cewa da shi aka haife shi.

A 1987 aka yi rage ma'aikata, aka rufe rumbun. Kawu bai yarda ba. Kullum da safe sai ya sa kakinsa, ya je ƙofar rumbun ya zauna har azahar. Matarsa Hawawu ta rufa masa asiri, ta ci gaba da soya ƙosai kamar ba abin da ya faru. Mahaifinta Alhaji Mumuni, mai fataucin doya, yana can ƙauye, bai ji labari ba.

Ranar da Alhajin ya kawo ziyara, ranar wata malama mai suna Sahada ta shigo da takardu. Tana cikin masu binciken da ke bin gida-gida suna ƙirga masu aiki da marasa aiki. Aka shimfiɗa mata tabarma a zaure, suruki na gefe yana ɓare goro.

"Baba, cikin kwana bakwai da suka wuce, ka yi aiki?" in ji ta.

Kawu ya dubi surukinsa. Wane namiji ne zai ce ba shi da aiki a gaban wanda ya ba shi 'ya?

"Ina aiki, alhamdu lillahi," ya ce.

Ta rubuta, ta yi sallama.

Bayan kwana uku jita-jita ta cika zango, wai daga takardun nan za a zaɓi waɗanda za a mayar bakin aiki. Kawu ya kasa cin abinci. Ya hau lori zuwa Yendi, aka ce masu binciken sun wuce Gushegu. A Gushegu aka ce Nalerigu. Sai a Bawku ya cim ma Sahada, tana zaune a gindin mangwaro kusa da kasuwar albasa, kakinsa ya yi ja da ƙasar hanya.

"'Yata, na zo ki gyara min amsa. Ƙarya na yi miki."

Ta ce takardun Salaga sun tafi Akra tun makon jiya. Kuma ba suna a jiki, lamba ce kawai. Ba sa ba kowa aiki, ƙirge ne domin manya su san yadda ƙasa take.

"To, sake tambayata," ya ce.

Ta ɗauko sabuwar takarda, ta sake tambaya. Ya cire hula, ya ce, "Ba ni da aiki. Ina so. Wallahi ina so." Ita ta ba shi kuɗin mota.

Ni har yau ina jin haushin wanda ya ƙirƙiro tambayar nan, da bai ƙara da cewa a fitar da suruki waje ba.

Rumbun bai sake buɗewa ba. Kawu ya koma kasuwa, mata na kiransa ya ɗaga musu buhu kafin su saya, su ba shi abin goro. Bai taɓa kiran wannan da sunan aiki ba. In motar gwamnati ta wuce, sai ya miƙe ya gyara maɓallin riga, ya bi ta da ido har ta sha kwana.

Na sha gaya masa abin da Sahada ta faɗa, cewa takardar ba ta da suna. Sai ya gyaɗa kai kawai. A 1996, yana jinyar da bai tashi ba, ya sa na ɗauko masa fensirin. Ya juya shi a hannu, ya ce, "Kada ku ga laifinsu. Yaya za su kira ni? Ni da bakina na ce musu ina da aiki."