Dawar da na niƙe

Shekarun baya, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ina karatun digiri na biyu, aka ba ni aikin gano dangantakar da ke tsakanin ire-iren dawa da 'yan uwanta na daji. Ana niƙa samfuri a ciro sinadarin gado da ke cikinsa, a kwatanta na wannan da na waccan, a ga wacce ta fito daga tsatson wacce. Ni kuwa a lokacin ji nake duk Gusau ba mai kaina.

Abokina ya riƙa ɗaukata a babur muna zaga ƙauyukan Tsafe da Bungudu neman iri. A bayan Furfuri muka haɗu da wani dattijo mai wata jar dawa gajeriya da ya gada daga kakansa, ba mai ita sai shi. Ya ciro zangarniya biyu cikin biyar da ya rataye a madafa.

Ya ce, "Ɗana, iri aro ne. In ka shibka, ka maido man."

Na ce to, a raina ina cewa maganar tsofaffi ce.

Ƙa'ida ita ce in shuka kaɗan in yi aiki da ganyen. Gaggawa ta hana ni. Na niƙa ƙwayar kai tsaye, gwaji ya ƙi, na ƙara niƙawa, ya sake ƙi. Cikin mako uku ba abin da ya rage sai ambulan da lamba a jiki.

Da daminar ta zo, ambaliya ta cinye gonar dattijon, har da sauran irin da ya shuka. Ya biyo sawuna har gidan mahaifiyata a Gusau.

"Na taho amsar irin da nab ba ka, Malam."

Na faɗa masa gaskiya. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi.

"Ko ƙwara guda?"

Na girgiza kai.

"To ka dai gano danginta?"

Na ce a'a. Ya yi wa mahaifiyata sallama, ya nemi takalmansa.

Na bar karatun a shekarar. Mutane na cewa in yafe wa kaina, ƙuruciya ce. Na kasa. Dawar nan ta tsallake fari da fara a hannun mutanen da ba su taɓa shiga aji ba, sai a hannuna ta ƙare. Har yau in na shiga kasuwar hatsi nakan tsoma hannu a buhunan jar dawa ina dubawa, alhali na san ba ta nan.