Ruwan Daɗin Da Na Ba Mahar

Ni mutumin Damagaram ne, ban daɗe a lakwal ba, wato makarantar boko. Na zo Jidda da ƙuruciyata, ban taɓa ganin ruwan da ya fi tafki girma ba. Wani ɗan garinmu da ke unguwar Karantina ya sama mini aiki a wani ƙaramin gidan cin kifi a Abhur, can bakin teku. Mai gidan shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya mini, iƙamata, takardar izinin zama, tana hannunsa.

A nan na fara ganin mahar. Abu ne kamar dutse, ɓawo biyu a manne, masunta ke kawo shi daga teku. Turawan kamfani kan zo a buɗe musu, su matsa lemun tsami su haɗiye shi ɗanye, su bi da ruwan tuffa mai gas, tunda ba a sayar da giya. Ranar da mai girkinmu, wani dattijo Bahaushen Sudan, ya ƙwanƙwasa ɗaya da ya buɗe baki, na ga ya rufe a hankali. Ba ido, ba ƙafa, ba murya, amma da rai a ciki, ya kuma san an taɓa shi. Na tsaya ina ta tasbihi.

Wata safiya aka kawo mahar da yawa saboda manyan baƙi, aka bar mini tsaron bahunan da aka zuba su. Na ɗanɗana ruwan da suke ciki, gishiri kamar ya yanke harshe. Mu da muka tashi muna tafiya mai nisa neman ruwan daɗi, sai tausayi ya kama ni. Na zubar da ruwan tekun, na cika musu ruwan sha mai sanyi, ina ganin na yi aikin lada. Kafin la'asar duk sun hangame. Na bi su ina ƙwanƙwasawa, ko ɗaya bai rufe ba. Dattijon ya kira ni ɗana, ya ce ai gishirin nan shi ne ransu. Kafili bai ko ɗaga murya ba. Ya ce halas, shi ke nan, ba zai sabunta mini iƙama ba. Na durƙusa, dattijon ya sa baki, bai waiwayo ba.

Shekaru na yi ba takarda, ina dako a unguwar Bagdadiyya, ina ɓuya in na hango motar 'yan sanda. Har yau raina na ɓaci, don ba wanda ya taɓa zama ya koya mini komai, sai yalla yalla, yi maza yi maza. Amma in na tuna Allah ya ajiye rai a ruwan da ni ba zan iya kurɓa ba, sai bakina ya mutu.

'Yan'uwana masu zuwa neman aiki, ku tambaya kafin ku taɓa abin da ba ku sani ba, ko da alheri kuke nufi. Ni ban yi sata ba, ban ha'inci kowa ba. Tausayi na ji, shi ya raba ni da iƙamata.