Harsasan Baba a Cikin Boksi

Ni ce na shirya kayan gudu a gidanmu, domin in da an bar wa ƙanena da matarsa, to da buta kawai za mu fita. Tun da muka ji yaƙi ya shigo yankinmu na Jazira barci ya ƙaurace mini, na koma shanya. Rufin gidanmu ya cika da kuɓewa da tumatir da yankakken nama. Na toya kisra, wainar dawa mai sirantaka, na busar, irin wadda ake jiƙawa da ruwa da sukari a sha a hanya. Na niƙo garin dawa, na ɗura gishiri da ganyen shayi a gwangwanayen madara, na ƙulle maganin hawan jinin Baba a leda. Matar ƙanena ta dube ni ta ce, "Yaya, sai ka ce mai shirin Hajji." Na ce mata ta bar surutu ta wanke jarkoki.

Duk abin da ya bushe sai in kai shi cikin boksi, motarmu mai buɗaɗɗen baya, in rufe da tamfol. Tsohuwar mota ce, a da fara. Baba ya tuƙa ta shekara da shekaru tsakanin gonarmu da kasuwa, da ƙarfinsa ya ƙare ƙanena ya gaje ta yana dakon albasa. Ba ta tashi da makulli. Sai an haɗa wasu wayoyi a ƙarƙashin sitiyari, an taka mai, an lallashe ta, kuma ƙanena kaɗai take jin maganarsa.

Baba kuwa tsufa ya fara yi masa sata. Zai faɗa maka gonar wa ke bin ta wa har ƙarshen tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu, amma bai san ko ya karya ba. Wani lokaci da sunan marigayiya Inna yake kirana.

Ranar da za mu tashi, da hantsi maƙwabta suka shigo a guje, suka ce masu bindiga sun shiga ƙauyen da ke ƙetaren tur'a. Muka kama Baba muka zaunar da shi a gaba. Ya shafa jikin motar yana murmushi, ya ce, "Ku bi ta sannu hwa. Harsasaina na ciki."

Ƙanena ya saki wayoyin da ke hannunsa. "Baba, mi kac ce?"

"Harsasan tsuntsaye. Nan nib ɓoye su, don yara."

Na tuna su sarai, jajaye masu gindin tagulla, a cikin kwali. Da su yake korar jan-baki in dawa ta fara nuna. Bindigar ya rabu da ita tuntuni, kwalin kuma babu wanda ya sake tambayarsa. Kowa a garin ya ji labarin shingayen hanya. In aka ga harsashi ko ɗaya a mota, ba a tambayar na tsuntsu ne ko na mutum. Sai a ce direba soja ne da ya tuɓe kaki, shi ke nan, a zagaya da shi bayan itace. Ga ƙanena dogo, ga askin ƙwal-kwabo, ga kanta a kafaɗa ta dakon buhu, daidai inda suke duba shaidar igiyar bindiga.

Muka sauke duk abin da na yi makonni ina jerawa. Muka sace iskar safayar taya muka leƙa. Ƙanena ya ɓanɓare marfin ƙofofi, ya ɗaga kujeru ya duba ƙarƙashinsu, ya buɗe gaban mota, ya kwanta a ƙasa yana laluben kowane lungu. Muka samo tsohon carbi, da sifana, da busasshen ƙadangare. Daga nesa ana jin harbi, kamar ana dakan sakwara a gidan da ba a iya ba.

Na durƙusa gaban Baba na lallashe shi. Na kawo masa shayi. Na ce, "Baba, don Allah, tuna. Gaba ko baya?" Ya ce, "Wurin da yara ba su kai." Na sake tambaya, ya ba ni labarin wata shekara da tsuntsu ya cinye rabin gonar maƙwabcinmu. A nan haƙurina ya ƙare, na daka masa tsawa har kajin gida suka watse. Ya dube ni kamar yaron da aka mara ba laifi. Tsoro ya sa ko tausayinsa ban ji ba a lokacin.

Ƙanena ya fito daga ƙarƙashin mota duk baƙin mai. Ya ce, "Yaya, halas, ya isa hakanan. Wataƙila mahwalki ya yi. Mu tahi." Na ce mu bar motar mu bi ƙafa. Ya nuna mini gwiwoyin Baba da ba su kai shi masallaci, ya nuna cikin matarsa da ya tsufa. Muka watsa kayan baya yadda suka zo, muka kama hanyar garin Managil.

Ni na zauna a gaba, Baba a tsakiya, matar ƙanena a baya kan buhun gari. Duk ramin da muka faɗa sai in kasa kunne ko zan ji wani abu na kaɗawa a jikin motar. Komai na kaɗawa a motar nan. Sai wani sabon tsoro ya zo mini: Baba ba ya ganin baƙo bai yi masa hira ba. Na ciro dabino daga jaka na riƙe a hannu.

Shingen yana inda hanya ta rabu da tur'a, ganguna biyu da igiya. Tun kafin mu tsaya na tura wa Baba dabino a baki. Suka ce mu sauka. Samari ne, wasunsu ko gemu ba su ajiye ba. Ɗaya ya farke buhun gari da wuƙa ya cusa hannu. Wani ya kwankwatsa ƙofofi, ya juye gwangwanayena a ƙasa, shayi ya gauraye da gishiri. Suka sa ƙanena ya tuɓe riga, babbansu ya daɗe yana danna kafaɗarsa da yatsa. Ni dai ina tsaye, Baba na ƙare dabino ina ƙara masa wani. Ba su sami komai ba. Na ji numfashina ya dawo.

Sai babban ya ce da Larabci motar tasu ce yanzu. Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina su ɗauka, su je can su ƙarata da abin da ke cikinta. Ɗaya ya shiga ya murɗa makulli, shiru. Wani ya gwada, shiru. Babban ya juyo ya nuna ƙanena da bakin bindiga, ya ce ya tashe ta ya kai musu sansani, in ya kai ya dawo.

Na faɗi ƙasa na kama ƙafar mutumin ina roƙo, ya ture ni. Ƙanena ya mayar da rigarsa, ya ce, "Yaya, riƙe Baba. Yanzu ni ka dawowa." Ya haɗa wayoyin, 'yar banzar motar ta tashi nan take. Suka jefo mana jarka ɗaya da ledar magani, suka ɗare baya, suka tafi da shi.

Muka ja Baba zuwa gindin wata darbejiya. Matar ƙanena ta toshe baki da mayafi. Ƙurar motar ba ta gama kwantawa ba Baba ya tofar da ƙwallon dabino, fuskarsa ta washe. Ya ce, "Na tuna! Cikin kujerad direba su ke. Na tsaga soso, nis sa su ciki, nid ɗinke da zaren takalmi." Ya kama hannuna yana murna. "Maza ki hwaɗa mishi, kar shi zauna da ƙarhi."

Mun jira a gindin itacen har rana ta faɗi. Wani mai amalanken jaki ya kai mu Managil, aka ba mu kusurwa a wani ajin makaranta. Babu wanda ya zo daga wancan gefen da ban tare shi na tambaya ba. Baba ya manta garinmu, ya manta yaƙin, amma wannan ɗaya ta zauna masa. Kullum da safe in na kawo masa magani sai ya riƙe hannuna ya ce, "Kin hwaɗa mishi?" Sai in ce, "Na faɗa masa, Baba."